Mangwaro da Katangar Tela

Katangar Tela ta tsage daga tushe har gindin taga, ya kuma ɗora laifin a kan mangwaron maƙwabcinsa, tsohon direba. Ya ce a sare kafin ruwa ya sauka, kada ɗakin ɗinki ya rufto masa a ka. Marigayiya matar Direba ce ta binne ƙwallon da hannunta shekarar da suka tare, lokacin ko ƙyaure gidan ba shi da shi, sai labulen buhu.

Jikarsa ta zo hutu daga jami'a, inda take nazarin yadda saiwa ke tafiya cikin ƙasa. Sarkin Lissafi yake kiranta. Ta auna tsakar gida, ta ɗebi ƙasa a gwangwanaye, ta buɗe kwamfuta a kan tabarma. Ta ce kowane bakin saiwa yana matsawa kaɗan kaɗan, ya yi reshe, ya karkata inda danshi yake, ƙasa mai tauri kuma ta rage masa gudu. Duk wannan, in ji ta, ana iya lissafa shi. Ya ce shi dai a saninsa abin da ke ƙarƙashin ƙasa sai Allah sai gara.

Zanen saiwa na farko a kwamfutar ya fito kamar laima, bai kai katanga ba. Ba ta yarda da shi ba. Ta tambaye shi inda ake zubar da ruwa a gidan tun farko.

Ya nuna wani faffaɗan dutse a bayan kicin. Nan marigayiya take wanke-wanke, rediyo a gefe, tana yi wa kaji faɗa kamar 'ya'yan cikinta. In ya dawo daga doguwar tafiya, ƙarar kwanuka yake fara ji tun daga soro. Bayan rasuwarta ɗansa ya sa famfo a cikin kicin, bututun ya bi ta gindin katangar Tela.

Ta shigar da wannan duka. A fuskar kwamfutar, fararen zare suka fito daga gindin bishiyar, shekara na bin shekara, suka yi ta tururuwa zuwa wajen dutsen. Can sai suka tsaya. Wani guda ya juya, ya nufi katanga.

"Mayar da shi baya," in ji shi. "Lokacin tana nan."

Ta mayar. Ya kalla har ya ƙoshi.

Ta ce lissafi ba duba ba ne, sai an haƙa. Aka haƙa. Ga saiwa kamar damtsen ƙato, ta naɗe bututun daidai inda yake yoyo.

"To, Direba, na yi ƙarya?" in ji Tela.

"Katangarka ce ta cika raki. Amma ka yi gaskiya."

Jikar ta ce a datse wannan saiwar kaɗai, a toshe yoyon, a mayar da danshi tsohon wurinsa, in ba haka ba wata za ta biyo sawu. Tela ya yarda ya ga damina ɗaya.

Da safe matar ɗan Direba ta tarar da shi tsugune a kan dutsen, kwanukan gidan jibge a gabansa, mutumin da ko kofin shayinsa bai taɓa ɗaurayewa ba. Ta ce don Allah Baba ya bari, mutane za su ce me.

"Su ce. Miƙo min soso."