Bayan Moton Sirikina

Ni Mubarika, a bi rugagen Sukukutane kaf a tambaya, ba wanda ya taɓa jin na yi wa sirikina magana baki da baki. Sunansa ma ba ya ratsa haƙorana. In ya zo gaisuwa can bakin darni yake durƙusawa, ni ina cikin bukka na ba shi baya. Ya ce, "An kwana lafiya?" Ni kuma in ce wa ƙwaryar da ke gabana, "An kwana." Shi ke nan, an gaisa. Da kunyar nan nake taƙama, har gori nake yi wa maƙwabciyata Hauwa, ita da ke raba goro ɗaya da mijin ɗiyarta.

To, rannan da hantsi ina kaɗa nono sai na ji kukan moto, babur ɗin nan. Hauwa ta leƙo ta saman darni.

"Ke Mubarika! Ga Ma'azu sirikinki nan, baki har kunne!"

Bai ko kashe moton ba ya fara zuba wa Hauwa labari, da ƙarfi yadda zan ji. Ɗiyata Firdausi, matarsa, ta sauka da asuba a gidan likita na Dogon Dutsi. Namiji! Naƙuda ce ta yi musu sammako tun ba a kawo ta gida haihuwa ba. Tana lafiya, amma tun da ta buɗe ido ba abin da take cewa sai a kawo mata innarta.

Yarinyar 'yar fari ce a wurina, don haka abin da ya kamata shi ne in sunkuyar da kai kamar ba da ni ake ba. Ina! Ƙafafuna suka ci amanata. Hauwa na rangaɗa guɗa a waje, ni ina cikin bukka ina taka rawa ni kaɗai, har na yi ƙwallo da maburgi.

Sai maganar tafiya. Ba ranar kasuwa ba ce, ba mota ko ɗaya. Amalanken jaki kuwa, kafin ya kai ni jikan ya fara rarrafe.

Hauwa ta ce, "Sai dai ki hau bayan moton."

Na ce, "Allah shi tsare! Ni? Bayansa?"

Ina faɗin haka ina ɗaure zani. Amma a raina na yi alkawari: zan kai Dogon Dutsi ban taɓa ko zaren rigarsa ba, ban kuma ce masa uffan ba. Na hau a kaikaice, can ƙarshe bisa ƙarfen da ake ɗaura kaya. Na girke ƙwaryar man shanun da zan kai wa mai jego a tsakaninmu, ta zama katanga. Hannu ɗaya a ƙarfe, ɗaya a ƙwarya. Hauwa tana ta dariya har da riƙe ciki, Allah ya isa tsakanina da matar nan.

Shi ma yaron akwai tarbiyya. Ya kifa hular kwano a kai, ya dubi kan moton ya ce, "Moto, a gaya wa na baya su gyara zama."

Na ce wa ƙwarya, "An gyara."

Cikin rairayi a hankali ya bi da ni, ƙafafunsa na share ƙasa. Da muka hau burji, inda hanya ta yi tauri, sai murna ta taso masa. Duk wanda muka gifta sai ya ɗaga murya, "Namiji ne!" Ya gaya wa mata masu itace, ya gaya wa mai raƙumi, wallahi har wani jaki da ke tsaye shi kaɗai sai da ya gaya masa. Ni kuwa, kai jama'a! Ashe haka abin nan yake da daɗi? Iska na cika mini mayafi, gonakin hatsi na gudu da baya. Na cusa baki cikin mayafi ina ƙyalƙyala dariya a ɓoye, ina roƙon Allah kada ya ji, ina kuma roƙon ya ƙara wuta.

Muna cikin haka wata jar saniya ta ɓullo daga sabara ta ratsa hanya. Ya gan ta da wuri, ya sassauta, ta wuce, ya sake murɗa hannu. Ni kuwa na bi ta da kallo. Hantsarta cike take, kuma ta ƙetare tana waiwaye tana kuka ƙasa-ƙasa. Cikin shanu na tashi, na san mai ɗa ce, kuma ɗan yana biye. Ai kuwa sai ga kunnuwa biyu suna motsi cikin sabarar, dab da bakin hanya.

Na ce wa ƙwarya, "A rage."

Ƙwarya ba ta da kunne, shi kuma nasa na cikin hula.

Na ɗaga murya kaɗan, "Moto, a tsaya!"

Iska ta kwashe maganar. Maraƙin ya yi tsalle ya faɗo tsakiyar hanya, ya kafa ƙafafu yana kallonmu.

"Ma'azu! Birki! Maraƙi!"

Ban san daga ina muryar ta fito ba. Na ɗauka zai fizge kan moton ya kauce, da ya yi haka da yashin gefe ya kwashe mu. Bai kauce ba. Ya taka birkin ƙafa, ya bi da na hannu yana matsawa a hankali, ya sandare hannuwa ya riƙe kan moton sak. Gindin moton ya yi ta wutsil-wutsil, burji na tartsatsi. Ni kuma na sulale daga ƙarfen nan kamar buhun hatsi. Ƙwarya ta ce fus a tsakaninmu, fuskata ta daki bayansa, hannuwana biyu suka zagaye cikinsa suka ƙulle.

Muka tsaya. Maraƙin ya miƙo hanci ya shinshina fitilar moton, ya yi atishawa, ya ruga wurin uwarsa.

Man shanu kuwa ya wanke sirikin nawa daga wuya har kujera, ni ma har cikin girata. Ban gama sallallami ba sai ga mai shanun ya fito da sanda a kafaɗa. Cikin duk makiyayan Arewa a rasa wa zai fito sai tsoho Iro, wanda in ya ji magana da safe, kafin azahar ta kai kowace rijiya.

Ya ƙanƙance ido. "A'a! Mi nike gani? Ba Mubarika ba ce wagga?"

Sai a lokacin na tuna inda hannuwana suke. Na fizge su kamar na taɓa garwashi. Na so in ji kunya irin ta mutanen kirki, amma dariya ta ci ƙarfina. Na yi ta har da hawaye, ina share mai a fuska ina ƙara shafa shi. Iro ma ya zube bisa sandarsa yana tuntsira. Da ƙyar na ja jiki na koma can ƙarshen ƙarfena, na kama shi da hannu bibbiyu, na gyara mayafi.

Shiru, moton bai tashi ba. Na ga kafaɗun yaron na rawa, na ɗauka shi ma dariyar yake. Da na leƙa sai na ga ba dariya ba ce. Ya tuɓe hular, bai waiwayo ba.

Ya ce, "Moto, a roƙi Inna don Allah ta riƙe ni. Tawa uwar ƙasa ta rufe ta tun ina goye, ban san fuskarta ba. In wagga ta hwaɗo a hannuna, wa zan kai wa Firdausi? Wa za ya yi wa ɗana wanka?"

Na daina dariya. Tausayin yaron nan ya kama ni har cikin ƙashi. Iro na tsaye ya baza kunnuwa, na kuma san gobe war haka Hauwa ta ji komai har da ƙari. Na matso, na zagaya hannuwana a cikinsa, na kwantar da kumatuna a kan man shanun da ke bayansa.

Na ce, "Ma'azu, ɗana, tada shi mu tahi. Ka dai sa ido, akwai awaki gaba."