Ɗinkin da ke Ƙarƙashin Kujerar Baya

Ranar da aka jawo motar nan da igiya aka ajiye ta a ƙofar gidanmu, cewa na yi a mayar wa 'yan gwangwan kayansu. A-kori-kura ce mai ƙofa huɗu, tsohuwa tukuf, babu gilashi, tsatsa ta cinye ta har kana hango ƙasa ta wajen ajiye ƙafa. Amma Auta, ƙanena, ya tsaya yana shafa ta yana murmushi, kuma rabon da mu ga haƙoransa tun da aka sallame shi daga aiki. Sai na ƙyale shi.

Mutumin da da rana tsaka sai ka same shi kwance ya juya fuska bango, ga shi yanzu kullum a ƙarƙashin mota, baƙin mai har cikin kunne. Ba shi da abin sayen sabon kaya, don haka komai tsinto shi yake yi: fitila daga nan, ƙofa daga can, tayoyi kowace da irin zanenta. Ya ce saboda Mama yake yi. Gwiwarta ta kai matsayin da sai an kai ta babban asibiti, hanyar da nisa, ga ramuka, kuma motar haya ba ta barin ta miƙe ƙafa. A kujerar baya kuwa za ta miƙe son ranta.

Ni tela ce, sai na ce rigunan kujeru a bar mini. Nan ne na ga abin da ya hana ni sukuni.

Na ɗage kujerar baya zan auna, na yaye tsohuwar ledar ƙasa, sai ga walda ta ratsa daga wannan ƙofa zuwa waccan, duk ƙulle-ƙulle, irin ɗinkin ɗan koyo. Ta gaban waldar ƙarfen fari ne. Ta baya shuɗi.

"Auta, zo nan. Wannan fa?"

Ya sosa ƙeya. "Ai mota biyu ce, Yaya. Ɗaya an daki bayanta, ɗaya ta daki wani abu da gaba. Tun kafin in jawo ta gida na ɗauki rabi mai kyau na kowace, aka haɗa."

"Aka haɗa! Zani ne? Dogayen ƙarafan da ke ɗauke da ita ta ƙasa fa?"

"Su ma an haɗa."

"A wane gareji?"

Ashe garejin da ya fara zuwa sun ce ba ruwansu, sai ya kai wa mai waldan bayan layinmu, wanda ya yi mana ƙofar gida. Ƙofar da sai na tokara da gwiwa take rufuwa! Na tambaye shi waɗanda ke cikin motocin nan biyu yaya suka ƙare, ya ce shi bai tambaya ba.

Na ɗinka rigunan dai, don na riga na yanka yadi. Shi kuma ya fesa wa motar jan fenti tas, ya shimfiɗa sabuwar leda, waldar ta ɓace. Maƙwabta suna ta zuwa suna sa albarka. In ya zaga da ita cikin layi, kowa ƙarar injin yake yabawa, ni kuwa wani ɗan ƙas-ƙas nake ji daga tsakiyarta duk sanda taya ta faɗa rami. Na yi magana da lalama, na yi da faɗa. Ya ce tun yana yaro ban taɓa ganin ya yi abin kirki ba. Wannan ta yi mini zafi, don ni na goya shi.

Ranar tafiya an kwana ana ruwa, ƙofar gida duk taɓo. Na riga Mama fitowa, na tare ƙofar motar, na zayyana mata komai a gaban Auta. Na ɗaga ledar ma na nuna mata.

Ta dubi waldar, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta dubi Auta, wanda ya sa wankakkiyar riga yana riƙe da makulli.

"Matsa mini," ta ce.

"Mama, ba ki ji abin da na ce ba ne?"

"Na ji, ba kurma ba ce ni." Ta rage murya yadda ni kaɗai zan ji. "In na ƙi shiga, ɗakin nan zai koma ya kwanta, kuma wannan karon ba zai tashi ba. Ke ba ki san abin da nake gani a idonsa ba. Kama ni in hau."

"Ba zan kama ki ba. Kuma ni ƙafata ba za ta taka motar nan ba."

Na ɗauka in na cije za ta fasa, don ba ta taɓa zuwa asibiti ba ni ba. Sai ta dafa ƙofa, ta ja jikinta da kyar tana nishi, ta zauna, ta miƙe ƙafar a kan kujera. Auta ya rufe mata ƙofa a hankali, bai ko kalle ni ba.

Ya ba motar wuta, suka tashi. Ina tsaye na harɗe hannu, raina a ɓace, sai na lura motar a karkace take tafiya, kamar kare in yana sassarfa. Na duba ƙasa. Sawun taya huɗu ne a cikin taɓon, ba biyu ba: na baya ba sa bin na gaba. Can a bakin layi ta faɗa ramin farko, na ga bayanta ya yi wani lanƙwasa daban, Mama kuma ta fito da hannu ta taga tana ɗaga mini.

Ban san sanda na zubar da takalma ba. Na bi su da gudu cikin taɓo, ina ihu su tsaya, su tsaya in shiga.