Layin da Sista Dabora Ta Ja

A shekarar 2007 masu bincike suka zo kamfanin jima da nake aiki a Challawa, suna neman masu maƙoƙo, irin wanda ke sa rama da rawar hannu. Ba mu karɓe su da fara'a ba. Kano ta taɓa ganin gwajin magani, ba wanda ke son a yi da shi. Amma Ashafa, wani ma'aikacinmu, ya ƙare. Wuya ya kumbura, wuƙar kankare fata ma ba ta zama a hannunsa. Ni ne shugaban layinsu, ni na kai shi asibitin da suke aikin.

Mai ba da maganin sunanta Dabora, 'yar Kagoro. Ba likita ba ce. Ita ke auna maganin, ita ke juya na'urar ɗaukar hoton wuya. Maganin ɗan ruwa ne, ana ajiye shi cikin tulun dalma mai nauyin tsiya. Ta ce yana fitar da wani haske da ido ba ya gani, shi ke cin ciwon. Amma kafin ya fita daga jiki, kamar mako guda, wanda ya sha ba zai kusanci jariri ko mai ciki ba. Kofinsa daban, shimfiɗarsa daban.

Ta ce in jira a waje, haka ƙa'idarsu take, su biyu za su yi magana. Da suka gama ya sha, ya fito, ya hau acaɓa ya yi gida. Ni na tsaya yi mata godiya.

Na ce, "Sista, Allah ya saka. Da ma ya ɗan ji ƙarfi kafin suna."

"Sunan wa, Baba?"

"Matarsa ta haihu shekaranjiya mana."

Ta ajiye safar hannunta. "Sau biyu na tambaye shi! Na ce akwai jariri a gidanka? Ya sunkuyar da kai ya ce a'a."

"To me zai ce? Ɗan fari ne. Mutumin ƙauyen Jahun zai buɗe baki ya gaya miki ya haihu? Ko a gabana bai faɗa ba, a bakin mai tuwo na ji."

"Ɗaki nawa gare su?"

"Ɗaya. Matar tasa Safiyatu kuma iyayenta na can Damagaram, ba ta je wankan gida ba."

Ta kulle tulun, ta ɗauki wata 'yar na'ura mai hannu, ta ce mu tafi. Ga rana, ga cunkoson Na'ibawa, ita a acaɓa ɗaya ni a ɗaya, tana ta dukan kafaɗar ɗan acaɓan. Abin da ya cece mu, Ashafa ya tsaya sallar azahar a hanya.

Mun shiga gidan hayarsu a Zawaciki yana tsaye gaban randa, moɗa a hannu.

"Malam Ashafa, ajiye moɗar nan!"

Ya ajiye. Ya dube ni kamar na sayar da shi. Daga cikin ɗaki jariri ya yi ɗan kuka.

Dabora ta ce, "Wannan kyanwa ce?"

Ya sunkuyar da kai.

Ta kunna na'urar, ta kai kusa da wuyansa. Sai ƙara, tar-tar-tar, kamar ana soya gyaɗa. Ta ja baya, ƙarar ta ragu. Ta ƙara ja, ta kusa ɗaukewa. Safiyatu ta leƙo ta labule, idonta a waje.

"Kin ji, mai jego? Ba mugun abu ba ne, maganinsa ne ke aiki. Amma wuyan yaronki ƙarami ne, bai kamata ya samu ko kaɗan ba." Ta juyo gare shi, muryarta ta sauka. "Ban ga laifinka ba. Ni ce ban iya tambaya ba. Yau na koya, gobe ɗan rakiya zan fara tambaya."

Ashafa ya ce a hankali, "To ina zan kwana?"

Na ce, "Zaurena na nan babu kowa. Ka zo da buta da kwanonka. Kuma kada ka taɓa min rediyo."

Safiyatu ta ce, "Ranar suna fa?"

Dabora ta ce, "Zai zo, ya gaisa da mutane a waje. Ɗauka ce dai babu."

Na ce, "Wannan ba wahala. Da ma ɗan fari ko kallonsa ba zai yi ba."

Dabora ta sake aunawa, ta taka zuwa tsakar gida, ta ja layi a ƙasa da diddigen takalminta. "Daga nan ba ka wucewa sai na zo na auna ka na ce ka wuce."

Ya haɗa kayansa, Safiyatu na miƙowa, ni ina karɓa. Muka kama hanya. Har mun kai ƙofa, sai na ga ba ya bayana. Ya koma ya tsaya, yatsun ƙafarsa daidai bakin layin, buta a hannu.

Ya yi gyaran murya, yana kallon bango. "Sista, in daga nan ne, ganin ba ya cutarwa?"

"Ba ya cutarwa."

Safiyatu ta ɗaga labule, ta ɗan karkato zanen goyon. Ni da Dabora muka juya muna duba randa, kamar ba mu taɓa ganin randa ba.