Muryar Baba Tanimu

"Karanta muna da Hausa, ɗiyar lakwal, ke mai boko," in ji Alhaji Gado, shugaban jam'iyya na Sabon Gari. Ya miƙo mini takardar likita da yatsa biyu.

Yajin aiki ya rufe jami'a, shi ya sa nake gida. Maƙwabcinmu Baba Tanimu, mai shelar jam'iyya, yana kwance a zaure kusa da lasifikarsa. Wata bakwai ina jin tarinsa ta katanga. Ya shanye ƙwayoyin tarin fuka bai ji sauƙi ba, sai jini a tsumma, sai rama, daga baya murya ta dishe.

"Likita ya ga tabo a hoton ƙirji," na ce, kaina a ƙasa. "Yana zaton kansar huhu ce. A kai shi Yamai cikin satin nan."

"Zato!" Alhaji ya yi dariya. "In taba ce, ni ma ina sha. Ƴan adawa sunka ɗaure mishi murya, kowa ya sani."

Salima, matar Baba, ta yi magana daga bayan ƙyaure. "Alhaji, a ara muna motar parti, kwana biyu ɗai."

"Zaɓe saura kwana tara, Salima. In mun ci, jirgi za ya hau."

Motar ta samu dai, amma ba don Yamai ba. Ta kai shi Tibiri wurin wani boka, aka lulluɓe mai ciwon huhu da bargo, aka turara shi har ya suma. Ranar Asabar ta kai shi mitin a Jiratawa. Suka sa masa sabuwar rigar jam'iyya, suka ɗora shi a kujera, Alhaji ya ɗaga masa hannu yana ihu: "Ku dubi abin da sunka yi mishi!" An ce ko da muryarsa bai taɓa tada jama'a haka ba.

Washegari na kai masa kunu. Sai da na duƙa kafin na ji shi.

"Tahira, tsakani da Allah, mi takardar ta ce?"

Na sake faɗa masa, dalla-dalla, yadda ya kamata in faɗa ranar farko.

"Ashe ba kowa ya yi min ba." Ya juya fuska bango. "Ni na ɗauka na kai a yi min asiri."

Kwana huɗu bayan zaɓe, da la'asar, Baba ya cika. Alhaji ya zo gaisuwa cikin motar nan, an wanke ta tana ƙyalli. Ya shafa fatiha, ya tambayi Salima inda lasifikar take, ya tafi da ita a hamata.

Tagar zauren ta daɗe da fashewa, sai Salima ta toshe ta da hoton ƙirjin. Da hantsi rana kan biyo ta tabon nan na hagu, ta sauka a kan tabarmar Baba, daidai faɗin tafin hannu.