Shekarar da Aladu Suka Yi Gyambon Ciki

Ni ce likitar dabbobi a gonar, mijina kuma shi ke riƙe da injin niƙan abincinsu. Tsakanin ɗakin aikina da rumfar injinsa bai fi taku arba'in ba. Idan ina wanke wuƙaƙe da almakashi a bakin famfo nakan hango shi ta taga, fari fat da gari tun daga gira har takalmi. Ma'aikata Mai Niƙa suke ce masa. Shi kuwa ko a gida Likita yake ce mini, har 'ya'yanmu biyu suka tasa suna zaton sunana ke nan.

Gonar aladu ce, kusan ɗari shida, a dogayen ɗakuna huɗu masu rufin kwano. Baƙo in ya zo sai ya toshe hanci, mu kuwa tuni hancinmu ya saba. Gidanmu na bayan ɗaki na huɗu, da bishiyar lemo ɗaya a ƙofa. Ƙarfe bakwai na safe injin zai tashi, aladun su ɗauki ihu baki ɗaya don sun san abinci na tafe. Yanzu da nake zaune gidan 'yata, ba abin da ke tada ni sai ƙarar babura, kuma in gaya muku gaskiya wannan ihun nake kewa.

A shekararmu ta bakwai a can ne abin ya faru. Wata safiya Dogo, wanda ya fi kowa daɗewa cikin masu kiwon, ya leƙo ɗakina ko sallama bai yi ba.

"Likita, zo ki gani. Wani ya sake kwanciya."

Ƙaton alade ne, saura kwanaki a sayar da shi. Jiya ya ci abincinsa sarai, yau ga shi a miƙe ya mutu, kunnuwansa da dasashinsa fari kamar takarda. Na uku ke nan a mako guda. Na sa aka kai shi kan teburin siminti na buɗe shi. Cikinsa cike yake da gudajin jini baƙi ƙirin. Da na wanke sai ga ciwon, daidai inda maƙogwaro ke shiga tumbi, rami ne mai kaurin baki, faɗinsa ya kai tafin hannun yaro. Gyambon ciki ne, ya ci har ya huda jijiya.

Tumbin alade yana da wani ɗan fili a nan bakin shiga wanda ba shi da majinar da ke kare sauran wurin. In ruwan tsamin ciki ya riƙa taɓa shi, sai ya yi kaushi, ya tsage, ya zama gyambo. Wannan kowane ɗalibin aikinmu ya sani.

Washegari Manaja ya tara mu a ofishinsa. Mutum ne mai son a ba shi amsa a taƙaice.

"Likita, me littattafanku suka ce yana kawo wannan?"

Na ce, "Abubuwa da yawa, ranka ya daɗe. Zafi, cunkoso, daɗewa ba a ci ba, da kuma abincin da aka niƙa ya yi laushi ƙwarai."

Kafin in rufe baki kowa ya waiga ya dubi mijina. Wata shida kafin nan shi ne ya cire tsohuwar rariyar injin ya sa mai ƙananan huji, saboda gari mai laushi ya fi saurin sa ƙiba. Aladun kuwa suka yi ƙiba, ya riƙa tafiya yana ɗaga kafaɗa.

Manaja ya ce, "Mako uku na ba ku. In daga injin ne, zan nemo wani ya riƙe shi."

Da muka koma gida cin abincin rana, loma biyu ya yi ya ture kwanon.

"Kin kwance mini zani a gaban mutane, Likita."

"Tambayata aka yi, Maigida."

"Da sai ki ce ba ki sani ba."

"In ce ban sani ba, alhali shi aka ɗauke ni in sani?"

Ya ɗauki hularsa ya fita. Shekara goma sha biyu da aurenmu, ranar ce ta farko da ya bar gida bai tsokane ni ba.

Ina share teburin sai na tuna da Malama, wadda ta koya mana ilimin ƙwayoyin cuta a kwaleji. Ta taɓa gaya mana cewa gyambon cikin mutane sau da yawa wata ƙwayar cuta ce murɗaɗɗiya ke haddasa shi, kuma aladu ma suna da 'yar'uwarta a tumbinsu. A lokacin ban sa abin a raina ba. Yanzu kuwa na riƙe shi hannu bibbiyu. In ƙwayar cuta ce, to mijina ya fita.

Ranar da aka kai aladunmu mayanka na bi su. Na tsaya da takalmin roba da bokiti, duk wanda aka farke in karɓi tumbin in ɗaura masa lamba. Guda ashirin na tara, na jera su cikin wata kula mai ƙanƙara. Mijina ne ya ɗauke ni a babur zuwa kwalejin, ni a baya na rungume kula, shi yana ta mita wai duk wanda ya gan mu zai zaci biki za mu kai wa abinci. Da na ji ya fara ba'a na san fushin ya sauka.

Malama ta tsufa, amma ɗakin gwajinta na nan yadda na bar shi: dogon benci mai tabon ruwan magani, kujeru masu ƙafa uku, firijin da ke kuka kamar zai mutu. Ta dube ni ta saman tabarau.

"'Yar nan, sai da matsala ta same ki kika tuna da ni?"

Ta sa na kankaro majinar kowane tumbi. Kaɗan muka jefa cikin ƙananan kwalabe masu ruwa rawaya, sauran muka shafa a gilashi muka rina. Ta ce in ƙwayar na nan ruwan zai sauya launi. Kafin mu gama shan shayi kwalabe suka fara komawa ja-ja ɗaya bayan ɗaya. Na sa gilashin a madubin gwaji, na murɗa a hankali har hoton ya fito. Ga su nan birjik, sirara, a murɗe kamar wayar da aka naɗe a jikin fensir aka zare.

Na fita na kira mijina daga gindin bishiyar da yake jira. Ya sunkuya, ya rufe idon da ya kamata ya buɗe, ya ce shi duhu kawai yake gani. Malama ta gyara masa kai da hannunta. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan ɗan mitsitsin abin ne yake neman raba ni da aikina? Ashe ga ɓarawon nan, ana ta bin mai gari!"

Malama ba ta yi dariya ba. Bayan ya fita ta ce, "Zauna. Daga ina kika kankaro majinar?"

"Daga ƙasan tumbin."

"Gyambon kuma yana ina?"

"Sama, a bakin shiga."

"To? Ƙirga mini."

Na ƙirga. Cikin ashirin, tara ne ke da gyambo, takwas daga cikinsu na ɗauke da ƙwayar. Amma akwai wasu biyar da ke da ita, tumbinsu sumul.

Ta ce, "Ƙwayar na da hannu, ban musa ba. Abin da ake zato shi ne tana dagula yadda ciki ke fitar da tsami, wataƙila ta buɗe wa wasu ƙwayoyin hanya. Amma wani abu ne ke kai tsamin sama. Kin zo neman gaskiya ne ko kin zo wanke mijinki?"

Na tattara kayana. A hanyar komawa mijina yana ta waƙa a kan babur, ni kuwa ina ta maimaita ƙirgen a raina.

Kwana biyu ina juya abin. Da na ga dama sai in kai wa Manaja hoton ƙwayar in yi shiru da sauran, ba wanda zai gane. Amma a rana ta uku Dogo ya sake leƙowa, wata uwar aladu ce mai 'ya'ya tara ta kwanta. Ina tsaye 'ya'yan na ta tura hanci a jikinta. Daga nan na wuce ofis na gaya wa Manaja duk abin da muka gani, na roƙi mako shida in yi gwaji. Ya yi tsaki, amma ya yarda.

Muka ware aladu arba'in sa'o'in juna. Dogo ya shafa wa ashirin shuɗin fenti a baya, ashirin ja. Masu ja za su ci gaba da cin gari mai laushi, masu shuɗi kuma a ba su mai tsaki-tsaki. Mijina ne zai niƙa duka biyun. Ya sauko da tsohuwar rariyar daga ƙusar da ya rataye ta, ya kakkaɓe tsatsar.

"Wato ni zan haƙa ramin, ni zan faɗa."

"Ko kuma ka tsallake."

Ban taɓa ganin ya yi aiki da kula kamar na makonnin nan ba. Kullum sau biyu yake kwance injin ya sauya rariya, ya share ciki da buroshi don kada garin ya gauraya, ya rubuta launi a kan kowane buhu da hannunsa. Da yamma mukan jingina da katangar ɗakin gwajin mu biyu muna kallon aladun suna ci, yara na wasa a bayanmu. Ya raɗa wa wani mai ja suna Alƙali, wai shi zai yanke masa hukunci. Duk da fargabar da ke cikinmu, in aka ce in zaɓi kwanakin da zan maimaita a rayuwata, da waɗannan zan fara.

Da mako shida ya cika na koma mayanka da bokitina, daga can na wuce wurin Malama ni kaɗai. Ƙwayar na nan a ɓangarorin biyu kusan daidai. Amma abin da ke cikin tumbin masu ja tsululu ne, ko ka ɗan karkata shi sai ya malalo har bakin shiga. Na masu shuɗi kuwa da kauri, yana zaune wuri ɗaya. Masu ja goma sha ɗaya ne ke da gyambo, masu shuɗi uku, su ma ƙanana. Mafi munin duka, waɗanda suka haɗa ƙwayar da gari mai laushi ne.

Na iso gona da azahar, an kashe injin. Na same mijina zaune kan buhu yana ɗaure bel ɗin injin. Na miƙa masa takardar, na zauna kusa da shi na yi masa bayani dalla-dalla. Ya ɗebi gari a bakin injin yana murzawa tsakanin yatsunsa.

"Wato ni da ƙwayar cutar haɗa baki muka yi."

"Ba da saninka ba, Maigida."

"Waɗanda suka mutu fa, sun san da sanina ko babu?" Ya karkaɗe garin daga hannunsa. Can ya ce, "Ita uwar nan mai 'ya'ya tara, ni na yi ta ƙara mata garin don ta samu nono."

Na ce bari in je in gaya wa Manaja. Ya riƙe hannuna.

"A'a. Garina ne, ni zan faɗa."

Haka ya shiga ofis fari fat, ni da Dogo muna biye. Ya ajiye takardar ya faɗi komai, bai rage ba bai ƙara ba, ya ce in an ga dama a ba wani injin. Manaja ya buɗe baki zai yi magana sai Dogo ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, ni dai tsufa ya fara kama ni. Tuna mini, ranar da aka sa sabuwar rariyar nan, wa ya tara mu ya ce a tafa masa?"

Manaja ya dubi Dogo, ya dubi silin, ya ce kowa ya koma bakin aikinsa, kuma kada ya sake ganin ƙaramar rariyar nan a gonar.

Ƙwayar dai ba mu taɓa raba aladun da ita ba. Malama ta ce ɗura wa aladu ɗari shida magani ɓarna ce, ƙwayar za ta dawo, kuma mu koya wa wasu cututtukan jure magani. Sai muka gyara abin da za mu iya. Aka koma gari mai tsaki, aka rage cunkoso, aka daina barin kwamin abincinsu ya bushe, aka buɗe tagogi a ɗaki na biyu da ya fi zafi. A shekarar da ta biyo, biyu kacal muka rasa da gyambo.

Bayan wasu 'yan watanni mijina ya fara kukan ƙwannafi. Na matsa masa har ya je asibiti, aka gwada aka ce shi ma yana da irin ƙwayar. Ya tambayi likitan ko tasa ta mutane ce ko ta aladu. Likitan ya ce su a nan ba su da abin bambancewa. Shi ke nan ya samu labari. Duk wanda ya zo gonar sai ya gaya masa wai zama da maƙwabta ne ya jawo masa. Mako biyu yana shan ƙwayoyi yana yamutsa fuska, ni ina tsaye kansa da kofin ruwa, ya warke sarai.

Shekara huɗu muka ƙara a can kafin masu gonar su sayar da filin. Dogo ya koma wurin 'ya'yansa, mu muka koma cikin gari, mijina ya buɗe ɗan shagon gyaran injuna ya riƙe shi har ƙarfinsa ya ƙare. Bana shekara tara da rasuwarsa. An ce gidaje ne yanzu a wurin, har da makaranta. Jikokina sun sha cewa za su kai ni in gani, ni dai har yau ban ce musu to ba.