Layin da Na Ja a Taswirar Malam

Malaminmu na labarin ƙasa bai yarda da littafi ba. Duk farkon shekara sai ya kwashe mu zuwa bakin kogi da igiyar awo. Mu auna daga turakun da ya kafa zuwa gaɓa, mu ƙirga gidajen da har yanzu akwai mutane a ciki. In mun dawo aji, ya tsaya gaban taswirar garin da ke manne a bango, ya ja siririn layi da fensir.

"Nan kogin zai kwanta bana," in ji shi.

Layi bakwai ne a jikin taswirar, kuma babu wanda kogin ya saɓa wa. A gefe akwai jadawalin yawan mutanen kowace unguwa, lambobin suna ta zaizayewa kamar gaɓar.

Muna aji biyar layin ya ratsa gidanmu, ta kan ɗakin Inna.

Dogo, abokin zamana a benci, wanda gidansu ke ɗaya gaɓar, ya zungure ni. "Fara koyon iyo, ɗan kifi. In ta yi tsanani akwai wuri a gidanmu, kusa da akuya."

Na ce wa Inna mu tashi. Ko kai ba ta ɗago daga wankinta ba.

"A ɗakin nan ubanka ya cika. Fensir ne zai tashe ni?"

Ranar Alhamis ni ke da sharar aji. Da kowa ya watse na sa kilina na goge layin. In na bar wurin fari Malam zai gane, sai na ja wani. Na kauce wa gidanmu, na lanƙwasa shi ta ɗaya gaɓar. Ban duba gidan wa ya bi ba. Ko kuwa na duba.

Damina ta sauka. Kogin da ya shekara bakwai yana cin gaɓarmu ya juya. Da rana tsaka, ko hadari babu, ɗaya gaɓar ta rufta da gida goma sha ɗaya. Inna tana shanya a tsakar gida, ƙafarta a bushe.

Da aka koma makaranta, gefen bencina babu kowa. Malam ya kira sunan Dogo sau biyu, ya jira. Sannan ya je jadawalin ya rage lamba.

Aka tashi, ya ce in tsaya. Ya bi layin da yatsa.

"Wannan ba hannuna ba ne. Ni ba na danna fensir haka."

Ya juyo ya dube ni.

"Na daɗe ina tambayar kaina, ni ke bin kogin nan ko shi ke bi na. Ka ba ni amsa." Ya ajiye fensirin a gurbin Dogo. "Gobe akwai awo. Bana kai za ka ja. Ni na gaji."

"In ban ja ba fa, Malam?"

"Na taɓa ƙin ja, shekara guda." Ya nuna ƙasan jadawalin, inda aka rubuta sifili a gaban sunan wata unguwa da ban taɓa ji ba.

Ya fita. Na matsa kusa da taswirar ina neman fili, ko ɗan lungu ne. Duk inda na kai ido, gidaje ne, ga namu a tsakiya.

Na ɗauki fensirin. Ashe har ya fere mini shi.