Hapsatun Ranar Asabar

Shekara ashirin Turai tana auren hedimastan wata firamare a Gwaram, amma a boko ko bihim ba ta sani ba. Mijin kaɗai ya san haka, shi kuwa kullum zancensa sai an yi hutu zai koya mata. Matan unguwa kan kawo waya ta karanta musu saƙo, ta ce idonta ke yaji. Ido dai ya sha ƙazafi.

Da abin ya ishe ta sai ta sayi niƙabi. Duk Asabar takan shiga motar Birnin Kudu da sunan duba gwaggonta, tana sauka ta ɗaura shi, ta wuce ajin yaƙi da jahilci. A can sunanta Hapsatu Bappa. Hapsatu ba ruwanta da kunya, in ta yi kuskure aka yi dariya sai ta taya. Turai ce a kan ƙaya, ko ƙofa ta motsa sai ta gyara niƙabi, kada a ce 'yar Gwaram ce ta shigo.

Da suka iya haɗa baƙi, malamar ta kawo wani tsohon littafi, labarin attajirin da ya sa tsumma ya shiga kasuwa dako.

"Me ya kai shi?" in ji malamar.

"Gaisuwa ce ta ishe shi, Malama," Hapsatu ta amsa. "Mai tsumma ko faɗuwa ya yi ba mai kai labari gida."

Ranar cike takardar jarrabawa malamar ta tsaya a kanta da biro. "Hapsatu Bappa za a sa a takardar shaida, ko?"

Turai ta buɗe baki za ta gyara. A bayanta wata ta yi tari irin na maƙwabciyarta. Da ta waiwaya ba ita ba ce, amma biro ya riga ya wuce.

Ita ta zo ta ɗaya. A motar komawa ta kasa zama wuri guda, ta zaro takardar, ta mayar, ta sake zarowa. So take ta dire wa mijin nan ita a gabansa, ya ci gaba da jiran hutunsa. Ta bi ta da yatsa tun daga sama har ƙasa, ba tuntuɓe ko ɗaya. Daɗi ya cika ta, baƙin ciki ya biyo baya. Ta sake karantawa a hankali. Babu Turai a ciki.